Shagon lunet na yara a Tahoua: wane irin kuɗɗi za ki nema?

Ƙanwata, na ga saƙonki tun shekaranjiya, ki yi haƙuri da jinkiri, tambayar taki ba irin wadda ake amsawa a tsaye ba ce. Kin ce shekararki 7 kina aikin gwajin ido, kullum ana kawo miki ƴan lakwal da ba su ganin tablo, shi ne kike so ki buɗe wurin gwaji da yankan lunet na yara a Tahoua, lissafinki ya kama miliyan 10. Banki sun ce sai da takardar gida. Wani Alhaji ya ce zai zuba kuɗɗin amma rabin shago nashi ne, kuma cikin wata 6 shina son ya fara ganin kuɗɗinshi na dawowa. Kinka ce in gaya miki tsakani da Allah, harkar tana da gaba ko kuwa su ne da gaskiya.

Harkar tana da gaba, amma ba da irin kuɗɗin da kike bi ba, kuma ba da yara kaɗai ba. Bari in ɗauko miki daga tushe.

Na yi shekaru a teburin kiredi nan Yamai, dosiyen farmasi da kilinik da masu lunet sun bi ta hannuna da yawa, sa'annan ɗiyata ta biyu tana sa lunet tun tana CM1. Ita kam sai da mushenta ya yi wata huɗu shina ce mata raguwa, wai kwafe take wurin ta kusa da ita, ashe yarinya rubutun tablo ne ba ta gani sam, da anka gwada ta lambar idonta -2 take, rashin ganin nesa kenan. Ni da nike aikin lissafi ban lura ba, uwarta ce ta ga yadda take matse ido gaban tele. To daga nan na shiga bin maganar.

Sha'anin idon kin fi ni sani, amma zan faɗe shi yadda ya kamata ki faɗa ma mai kuɗɗi, don nan ne kasuwar take. Ƙwayar idon yaro ce take yin tsawo fiye da kima, sai hoton abin da ke nesa ya haɗu kafin ya kai bangon ido na baya, shi ya sa na kusa tas, na nesa hazo. Yawanci shina farawa tsakanin shekara 6 da 12 kuma ba ya tsayawa sai wajen shekara 20. Ma'ana yaron da kinka yi ma lunet yau zai dawo baɗi don lamba ta ƙaru, ya dawo don ya karya ƙafar lunet wurin ƙwallo, ya dawo don fuska ta girma. Abokin ciniki ne na shekara 10. Riƙe wagga magana, don duk rigimarki da banki da Alhaji a nan take: kayanki na shekara 10 ne, kuɗɗin da ke yawo kasuwarmu na wata 3 ne.

Yanzu abin da nike jin tsoro a dosiyenki. Duk wanda ya kawo mini irin wanga aiki sai na ga ya buɗe da alƙalumman duniya, cewa wani bincike na 2016 ya yi hasashen rabin mutanen duniya za su kamu da rashin ganin nesa nan da 2050, cewa a biranen China da Taiwan da Koriya ta Kudu da Singafo 80 zuwa 90 cikin 100 na masu gama lise suna da shi. Duk gaskiya ne. Amma can ne, inda yaro ke wuni cikin ɗaki da littafi tun asuba har dare. A Afirka idan anka tattara binciken da anka yi kan yara abin shina kamawa wajen 5 cikin 100, ya fi yawa a birni bisa ga ƙauye. Yaranmu rana suke sha, kuma hasken waje shi ne babban abin da ke kare ido daga wanga ciwo, an gwada a Guangzhou, anka ƙara ma yara minti 40 a waje kowace ranar lakwal, bayan shekara 3 waɗanda sunka kamu 30 cikin 100 ne, a sauran lakwal ɗin kusan 40. Taiwan tun 2010 ta sa a riƙa fidda yara waje minti 120 a wuni. Abin da su suke kashe kuɗɗi su samu, ɗan Tahoua da ke bin awaki shina samunshi kyauta. Abin zai ƙaru nan ma, dubi yaran Yamai da portabul a hannu an kulle su gida da maimaicin darasi har magariba, amma sannu sannu zai zo, kada ki ci bashi bisa lissafin Shanghai.

Mu yi lissafin a ƙasa. A ce banki ya ba ki miliyan 10 ɗin a ruwa 12 cikin 100, biya shekara 3. Kowane wata za ki kai musu wajen jikka 332, kafin haya, kafin kuran, kafin albashin yaron shago, kafin lanho. A ce a kowane lunet jikka 5 ke rage miki bayan kin fidda kuɗɗin kaya. Lunet 66 kenan a wata na banki kaɗai. Lakwal mai yara 600, idan 5 cikin 100 ne, yara 30, cikin iyayensu a ce rabi sunka yarda kuma suna da halin saye, 15. Kin ga sai kin share lakwal 4 zuwa 5 kowane wata kafin ki biya banki, kuma lakwal daga Oktoba zuwa Yuni take, banki shi ba shi da hutun damina. To lakwal nawa ne a cikin garin Tahoua? Kafin shekara ta zagayo kin gama su kin fara hawan mota zuwa Konni da Madawa. Wanga lissafi shi ne ma'aikacin banki ya yi a kanshi lokacin da kike mishi bayani, bai dai gaya miki ba, ya fake da takardar gida.

Kada ki ɗauka mugunta ce. Kuɗɗin da ke banki ajiyar mutane ce da za su iya zuwa su ɗauka gobe da safe, ba ya son ya ɗaure su shekara 7. Doka ta 2014 ta sa ma ruwan banki iyaka 15 cikin 100, na ƙananan asusun bashi 24, saboda haka ba shi da damar ya ce aikinki akwai kasada bari in ƙara ruwa, sai dai ya ce a'a ko ya nemi jingina. Ga kuma takardun bashin gwamnatoci da ake sayarwa a kasuwar UEMOA ta ƙasashenmu masu kuɗɗin sefa, ya saya ya kwanta, ba zuwa Tahoua duba shago, ba bin bashi kotu. Sa'annan injin yankan gilashi idan kinka kasa biya wa zai saye shi? Mota ko fili a kwana biyu an sayar, injin lunet sai ya yi ƙura a magaza. Na taɓa kare dosiyen wani mai irin wanga sana'a gaban kwamiti har sau biyu, lissafinshi mai kyau, wani babba ya ce mini shi bai taɓa ganin wanda ya mutu don ba shi da lunet ba, anka rufe magana. Ban faɗi wurin ba, amma har yau abin na ci mini rai.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuwa abin ya ƙara tsauri, takunkumin CEDEAO, layi a bankuna ana ƙayyade abin da za ka ɗauka, iyakar Benin a rufe kaya na zagayowa ta Lome da Burkina. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Ke wanga ya shafe ki kai tsaye don gilashi da firam duk shigo da su ake, yawanci daga China, akwai wani gari Danyang da kusan sana'arshi kenan, idan kaya sunka yi wata 3 a hanya kuɗɗinki ne ke kwance.

Alhaji kuma, shi ma ba azzalumi ba ne, ma'auninshi ne daban. Mutum ne da ya saba ya sayi albasar Galmi lokacin da ta yi araha, ya ajiye a rudu, bayan ƴan watanni ya loda ta Abidjan ko Accra, ko ya juya shinkafa da sukari sau huɗu a shekara. Kowace dala da ya ba ki shina auna ta da abin da za ta haifa mishi can. Wata 6 da ya ce ma ya yi miki kara. Matsalar ba za ta fito ranar da kunka shirya ba, sai wata na takwas, ranar da ya turo yaro a ba shi miliyan 2 don an kira shi ga kaya a arha, ke kuma kuɗɗin sun zama inji da firam a bango. Na ga shaguna da yawa sun mutu haka, ba don babu ciniki ba. Kuma akwai ɗabi'ar nan tamu ta bin ayari, babu mai son ya zama na farko, amma ranar da anka ga layi ƙofar shagonki wata 6 ba za a yi ba sai kin ga uku sun buɗe a titi guda, kamar yadda anka yi da ruwan leda da shagunan tura kuɗɗi. Wataƙila ma shi Alhajin ne zai buɗe ma ɗanshi bayan ya koyi hanyar kaya a wurinki.

Amma abin da ya fi damuna da kuɗɗin gaggawa a wagga sana'a ba ma karyewar shago ba ne. Kin san idon yaro shina da ƙarfin matsewa, idan ba a ɗiga mishi maganin da ke sassauta shi ba kafin gwaji, inji zai nuna miki -1 ga yaron da lafiyarshi lau. Ɗiga maganin na cin lokaci, sai an jira wajen rabin awa, yaro na kuka, uwa na sauri. Ranar da mai kuɗɗi ya tsaya miki a kai shina tambayar lunet nawa anka sayar yau, wallahi jarabawar tana da girma, a bar ɗigawa, a rubuta ma kowa. Ga yaran nan masu jan ido da ƙaiƙayi lokacin ƙura, su magani suke so ba gilashi ba, amma uba in ya zo da kuɗɗi a hannu shina cewa a yi mishi lunet, mai bashi a wuya ba ya cewa a'a. Kuma a gari kamar Tahoua in anka ce matar nan kowa ta gani sai ta liƙa mishi lunet, an gama da ke, dama ga jita-jitar cewa lunet na ƙara kashe ido, da cewa yarinya mai lunet ba ta samun miji da wuri. Alhali rage ma yaro lamba ko hana shi sawa ba ya tsaida ciwon. Amana ita ce jarin wanga shago na gaskiya kuma ba ta shiga takardar banki.

Idan kin dubi inda abin ya yi nasara za ki ga kowa da irin kuɗɗin da ya dace da shi. Asibitin ido na Aravind a Madurai ta Indiya, Dakta Venkataswamy ya fara shi 1976 da gado 11, tsarinshi masu hali su biya, da ribar a yi ma talaka kyauta ko da rahusa, kuma a 1992 sunka buɗe masana'antarsu don su daina sayen kayan aiki da tsada. Lenskart, kamfanin sayar da lunet, shi ma Indiya, an kafa shi 2010, ya yi shekaru shina cin kuɗɗin masu zuba jari kafin manyan masu jari irin SoftBank na Japan su shigo a 2019, don suna hangen kasuwar mutum sama da biliyan. A China kamfanin asibitocin ido na Aier ya shiga kasuwar hannun jari ta Shenzhen tun 2009, a 2018 kuma gwamnati ta maida rashin ganin nesa na yara maganar ƙasa. Su ma masu jarin can ba waliyyai ba ne, a Yulin 2021 da gwamnati ta taka ma kamfanonin darasin bayan lakwal burki, hannun jarin manyansu ya zube fiye da rabi cikin kwanaki, kowa ya ruga ƙofa lokaci guda. Bambancin kawai su suna da ƙofar. Mai jari ba ya shiga inda bai ga ta inda zai fita ba. Mu kasuwarmu ta hannun jari BRVM ce a Abidjan, tun 1998 take, kamfanonin da ke ciki ba su kai 50 ba, daga Nijar kuma sunan da za ki gani BOA Niger ne, banki kenan. Wanda ya sayi kaso a shagonki ba shi da wanda zai sayar ma sai ke.

To mi za ki yi? Ki fasa miliyan 10 ɗin, kada ki neme su dunƙule wuri guda. Da farko ki tambayi kanki ko lalle sai kin sayi injin yanka a shekarar farko. Akwatin gilasan gwaji, allon harafin E, fitilar duba ido, firam na gwajin yara, waɗannan adashi da ɗan abin da kinka tara za su saye su. Mafi yawan yaran da idanunsu biyu lambarsu ta yi kusa kuma ba su da karkatar gani mai yawa, lunet ɗin da anka riga anka haɗa shina yi musu, an gwada a lakwal ɗin China da Indiya anka ga suna sa shi kamar wanda anka yanka musu. Sauran masu wuya ki turo oda Yamai a yanka, bas ya kai miki. Riba za ta ragu, amma ba ki da jikka 332 a wuya kowane wata.

Sa'annan ki buɗe ƙofa ga manya. Duk wanda ya wuce 40 sai ya fara nisanta takarda da fuska, tela da zaren allura, malami da Alƙur'ani, maƙeran azurfa, mata masu tsintar shinkafa, ɗan kasuwa da lambobin portabul. Su suna da kuɗɗi a aljihu kuma nan take suke ganin amfani. A Assam ta Indiya an ba masu tsinkar ganyen shayi lunet na karatu, a binciken da ya fito 2018 abin da suke tsinka a wuni ya ƙaru da wajen 22 cikin 100. Waɗannan ne za su biya miki haya da kuran, yara kuma su zama aikin da kike ginawa a hankali. Na san zuciyarki ga yaran take, amma shagon da ya mutu ba ya gwada kowa.

Gwajin lakwal kuma, kada ki sa bashi mai ruwa a ciki ko dala. Wanga aikin kuɗɗin tallafi ne, na ƙungiyoyi da shirin lafiyar ido na ƙasa da kwamitin iyaye. Hukumar lafiya ta duniya ta sa burin ƙara yawan masu samun lunet da maki 40 cikin 100 nan da 2030, akwai masu neman wanda zai yi musu aikin a ƙasa. Ki koya ma mushe-mushe gwaji da allon E a mita 6, su tace miki, ke ki ga waɗanda sunka faɗi kawai. Abin da zan ja miki kunne, ayarin da ke zuwa a raba lunet kyauta kwana 3 a tafi, shina da amfani amma shina koya ma mutane jira, kuma in ya karye babu mai gyara. Ki nemi su riƙa biyan kuɗɗin lunet ɗin yaro ta hannun shagonki, ya fi a ce kina gasa da kyauta.

Bayan shekara guda ko biyu, da littafin ciniki a hannu, sa'annan ki koma maganar inji. A nan ne bashi ya dace, kuma ki tambayi tsarin da injin kanshi ne jingina, ko murabaha a bankin Musulunci inda su za su saya su sayar miki da riba sananniya, tunda na san gidanku ba a son maganar ruwa. Ki tambaye su kuma ko suna aiki da asusun garanti, hedikwatar Fonds de Solidarité Africain ma nan Yamai take. Akwai Sinergi, kamfanin zuba jari ne na nan gida da ke shiga ƙananan kamfanoni da ƙaramin kaso ya zauna shekaru, su ne sunka fi kusa da kuɗɗi mai haƙuri, amma ba su kallon wanda ba shi da rajistar kasuwanci (RCCM) da lambar lanho (NIF) da lissafi a rubuce. Don haka tun ranar farko kuɗɗin shago daban na cefane daban, konti daban, ko jikka guda kinka ɗauka ki rubuta. Irin gilasan nan na zamani masu rage saurin ciwon, da ɗigon atirofin mai rauni da anka gwada a Singafo da Hong Kong, ki bar su a shafi na gaba, wanda duk ya ce ki gina lissafinki a kansu yanzu bai san aljihun iyayen Tahoua ba.

Alhaji kada ki kore shi, ki canza mishi kujera. Abin da ya iya shi ne kaya, to ya shigo miki da firam da gilashi cikin kwantenarshi, ya ba ki bashin kaya na wata 3 ko 4 da ribarshi a sama, wanga shi ne ruwan da ya saba iyo a ciki kuma kuɗɗinshi za su juya yadda yake so. In ya nace sai kaso, to ku kafa kamfanin haɗin jari, SARL, gaban noter, ke da fiye da rabi, a rubuta ba mai janye jari kafin shekara kaza, a rubuta yadda za a yi kuɗɗin kasonshi ranar rabuwa, a rubuta kuma ba shi da baki a wa za a rubuta ma lunet. Zai ce ba ki yarda da shi ba ne, ki ce mishi Yaya ne ya ce, kuma ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ta rubuta bashi ce. Rabi da rabi kam ko da wasa, ranar da kunka saɓa babu mai rinjaye shago ya tsaya cak.

Ban ga maganar izinin ma'aikatar lafiya a saƙonki ba, ban kuma ga yadda za ki yi da aikinki na yanzu ba, ki warware waɗannan kafin ki biya haya, kada ki ajiye albashi sai shago ya yi wata 6 shina ɗaukar kanshi. Ki turo mini takardar farashin injin da anka ba ki da jerin abin da ya haɗa miliyan 10 ɗin, ina zargin ba a sa kuɗɗin duwan ba, ba a sa abin daidaita kuran ba, kuma da yadda wuta ke wasa a Tahoua lokacin zafi inji ba zai yi wata biyu ba in babu shi. Ki gaida su Inna.